Mai Mashi da Mai Kallo a Ƙarƙashin Ruwa

Mutumin Musawa ko Malumfashi, wanda iyakar babban ruwan da ya sani shi ne madatsar Zobe ko ta Mairuwa, zai iya ɗauka cewa wannan batu na mutanen bakin teku ne kurum. Amma kama kifi da mashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkawan Yawuri da na Kabi sun daɗe suna jifar giwan ruwa da kada, har ma da dorina, da irin mashin nan mai igiya da ake ce wa zago. Abin da yake sabo shi ne mutum ya nutsa ƙarƙashin ruwa don kallo kawai, ya kuma biya kuɗi a kan haka.

Wannan ya samo asali ne daga shekarar 1943, lokacin da wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da mai nutso zai goya tukunyar iska a bayansa, ya riƙa shaƙa yana ƙarƙashin ruwa. Shi kansa Cousteau da sukar kifi ya fara. Watau dai mai mashi da mai kallo ɗan juma ne da ɗan jummai, sai dai bukatunsu sun saɓa.

Dalilin saɓanin kuwa a fili yake. Mai taru yakan kwashi abin da Allah ya ba shi, manya da ƙanana, amma mai mashi zaɓe yake yi da idonsa, kuma babba yake zaɓa. To, wannan babban shi ne ainihin wanda mai kallo ya biya kuɗin jirgi don ya gani. Kifin da aka soke sau ɗaya ake sayar da shi. Wanda aka bari kuwa ana iya kallonsa shekara da shekaru. Har ila yau, inda ake yawan suka, sauran kifayen sukan koyi gudun mutum tun daga nesa. A Bahar Rum akwai wani ƙaton kifi da Faransawa ke kira meru, wanda yakan fara rayuwa a matsayin mace, sai ya girma ya manyanta sa'an nan ya rikiɗe ya zama namiji. Saboda haka wanda ya bi manyan yana kashewa, mazan yake ƙararwa, ko da bai yi nufin haka ba.

Hukumomi sun bi hanyar raba wuri da raba kayan aiki. Faransa ta haramta a haɗa mashi da tukunyar iska, sai dai mai suka ya nutsa da numfashin ƙirjinsa, ta kuma keɓe tsibirin Port-Cros a 1963, sa'an nan ta dakatar da sukar meru tun daga 1993. Tsibirin Bonaire, da ke yankin Karebiyan, ya hana suka gaba ɗaya a 1971.

A ganina, ma'aikacin gwamnati da zai tsara dokar su a madatsunmu ba ya bukatar zuwa Turai neman misali. Kabawa sun riga sun yi rabon lokaci. A Argungu ana hana su a Matan Fada tsawon shekara, bisa ikon Sarkin Ruwa, sai ranar biki a saki masunta da homa da gora na kimanin sa'a guda. Bikin, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya ƙunshi har da gasar nutso, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ba don hanin nan ba, da 'yan kallo ba su sami giwan ruwan da za su yi wa sowa ba.

Duk da haka kada a ɗauka mashi abokin gaba ne a ko da yaushe. A 2009 wani baƙon kifi mai ƙaya da dafi, wanda Turawa ke kira kifin zaki, ya bayyana a ruwan Bonaire yana cinye 'ya'yan kifayen wurin. Ba ya faɗawa taru ko ƙugiya cikin sauƙi. Sai hukumar da ta hana mashi kusan shekara 40 ta koma ta raba wa masu nutso wani ɗan gajeren mashi, da sharaɗin samun izini, da kuma cewa shi kaɗai za a soka.