Wanda ya yi karatu a gida, da me zai shiga jami'a a Amurka?

A Amurka akwai yaran da ba su taɓa jin ƙararrawar makaranta ba. Iyayensu ne ke koyar da su a gida, wasu tun daga firamare har ƙarshen sakandare, kuma doka ta amince da haka a dukkan jihohi 50 na ƙasar. Lokacin annobar korona abin ya ƙaru sosai. Hukumar Ƙidaya ta Amurka ta ce gidaje masu 'ya'ya 'yan makaranta da ke bin wannan tsari sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 a ƙarshen Afrilun 2020 zuwa kashi 11.1 a farkon Oktoba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Idan uwa ce malama, ita ce shugabar makaranta, ita ce kuma mai ba da maki, wa zai yarda da sakamakon da ta rubuta wa ɗanta?

Jami'o'in ba sa watsi da takardar sakamakon da iyaye suka haɗa. Suna karɓa, amma sukan so ta zo da bayani: wane littafi aka karanta a lissafi, a ina aka yi gwaje-gwajen kimiyya, ta yaya aka ba da maki. Dalili kuwa, dokokin jihohi sun bambanta. A New York sai iyaye sun miƙa tsarin karatun shekara, su riƙa kai rahoto sau huɗu a shekara. A Texas ko sanar da hukuma ba dole ba ne ga yaron da bai taɓa shiga makaranta ba. Don haka kalmar "karatun gida" ita kaɗai ba ta gaya wa mai tantance ɗalibai komai.

A ganinmu, abin da ya fi komai nauyi shi ne shaidar da ta fito daga wajen gida. Mu fara da jarrabawa. Ana ba da makin SAT daga 400 zuwa 1600, na ACT kuma daga 1 zuwa 36. A 2020 jami'o'i da yawa sun daina tilasta su, amma MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, sai Dartmouth da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Ko a inda ba dole ba ne, ɗan karatun gida da ya ci maki mai kyau zai yi wa kansa gata idan ya tura, domin shi ne ma'auni ɗaya da aka auna shi da sauran yara. Amma sai an duba jami'a kafin a sha wahala, don Jami'ar Kaliforniya ba ta duba makin SAT ko ACT wajen ɗaukar ɗalibai.

Akwai kuma jarrabawar AP, wadda ake yi a watan Mayu a kan darasi guda, kamar kimiyyar sinadarai ko tarihi, ana ba da maki daga 1 zuwa 5. Ita ba a rubuta ta a gida. Sai yaro ya nemi makarantar da za ta ba shi kujera, watanni kafin ranar, kuma ba kowace makaranta ce ke yarda ba.

Hanyar da muke ganin ta fi duk waɗannan ƙarfi ita ce yaro ya ɗauki darasi ɗaya ko biyu a ƙaramar kwalejin da ke garinsu tun kafin ya gama sakandare. Jarrabawa aikin 'yan sa'o'i ce, wannan kuwa zangon karatu ne cikakke. Ya zauna a aji da waɗanda suka girme shi, ya miƙa aiki a kan lokaci, malamin da ba ya jin nauyinsa ya ba shi maki. Daga nan ma yake samun wanda zai rubuta masa wasiƙar shaida. Kowa ya san abin da uwa za ta ce game da ɗanta. Wasiƙar malamin kwaleji, ko kocin ƙwallo, ko wanda yaron ya yi wa aiki, ita ake karantawa da kyau.

Ragowar kuma daidai yake da na kowa. A fom ɗin Common App, wanda jami'o'i fiye da 1,000 ke amfani da shi, ɗalibi zai rubuta maƙala da ba ta wuce kalmomi 650 ba, ya kuma lissafa ayyuka har 10 da yake yi ban da karatu. A nan ne ake son ganin me ya yi da lokacin da bai ɓata a layin asambuli ba.

Masu goyon bayan tsarin kan kawo misalin Erik Demaine, ɗan Kanada da mahaifinsa ya koyar a gida. Ya shiga Jami'ar Dalhousie yana da shekara 12, ya fara koyarwa a MIT yana da 20. Gaskiya ne, amma irinsa ba su da yawa, kuma kafin MIT ta ɗauke shi sai da wasu jami'o'in suka gwada shi suka ba shi digiri.

Mu a nan Najeriya lissafin ya fi sauƙi, ko mu ce ya fi tsauri. Babu jami'ar da za ta karɓi sakamakon da aka rubuta a gida. Wanda bai zauna a aji ba sai ya rubuta WAEC ko NECO ta 'yan waje, wadda muka fi sani da GCE, ya samu kiredit biyar, galibi har da Turanci da lissafi, sannan ya fuskanci JAMB da darussanta huɗu da maki 400.