Bitamin D, Rashin Barci da Fargaba ga Masu Juna Biyu: Abin Lura ga Mai Bincike a Tawa da Arewacin Adar

1. Gabatarwa

Bincike da dama da aka gudanar a ƙasashen waje sun nuna cewa masu juna biyu da ke da ƙarancin bitamin D cikin jini sun fi sauran kukan rashin barci da fargaba. A wannan takarda za mu bayyana yadda al'amarin yake, sa'an nan mu nuna abubuwan da ya wajaba mai bincike ya tantance a jihar Tawa kafin ya ɗora laifin kan bitamin ɗin.

2. Yadda jiki ke samun bitamin D

Mafi yawan bitamin D fata ce ke yin sa idan hasken rana ya taɓa ta. Daga nan hanta ta sarrafa shi, ƙoda kuma ta ƙarasa aikin. Wanda hanta ta sarrafa shi ake aunawa cikin jini. A shekarar 2011 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta ɗauki nanomol 50 a lita a matsayin abin da ya wadatar, ƙasa da 30 kuwa haɗarin rashi ne.

Garin Tawa yana wajen daraja 15 arewa da tsakiyar duniya, inda rana ba ta yankewa. Amma yawan rana bai tabbatar da wadata ba. Baƙar fata na bukatar lokaci mai tsawo a rana fiye da fara, tufafi na tare hasken, matar da ke cikin kulle kuma ba ta cika fita ba. Gero, wanda shi ne tushen tuwo da fura a Adar, ba shi da wannan bitamin; ana samun sa ne cikin kifi, hanta da gwaiduwar ƙwai. Ko da yake ana kamun kifi a tabkin Tabalak, ba kowane gida ke cin sa kullum ba. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2020 ya gano cewa kusan mutum 1 cikin 3 a Afirka yana ƙasa da nanomol 50, kuma abin ya fi shafar mata, jarirai da mazauna birane.

3. Tarayya ba dalili ba ce

Akwai wuraren karɓar bitamin D cikin ƙwaƙwalwa, har da sassan da ke daidaita barci. Wannan ya sa zaton alaƙa bai zama banza ba. Sai dai alaƙar na iya juyawa: matar da fargaba ta dame ta takan lafe a ɗaki, ta rage cin abinci, bitamin ɗin ya ragu daga baya.

A Adar muna ganin abubuwa huɗu da ke iya hana mai ciki barci ba tare da hannun bitamin D ba. Na farko, zafin bazara, wanda ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Na biyu, zazzaɓin cizon sauro a damana. Na uku, ƙarancin sinadarin ƙarfe cikin jini, wanda ke haddasa tsikarin ƙafafu da dare. Na huɗu, tafiya bida: an san Adarawa da zuwa Abijan, Libiya da Najeriya, kuma matar da mijinta ke can tana ɗauke da nauyin gida da zullumin haihuwa ita kaɗai.

Garin Jos ya ba da darasi a nan. An daɗe ana danganta lanƙwashewar ƙafafun yara da rashin bitamin D, amma gwajin da Thacher da abokan aikinsa suka buga a 1999 ya nuna cewa a can ƙarancin kalsiyam ne babban dalili.

4. Matsalar harshe

Ma'aunin barci na Pittsburgh, na 1989, yana tambayar ƙarfe nawa mutum ya kwanta da minti nawa ya ɗauka kafin barci ya kwashe shi. Mace a ƙauyukan Keita ko Kalfu ta fi auna dare da lisha da asuba. Haka kuma abin da littattafan likita ke kira da kalma guda, Hausa ta rarraba shi: damuwa, fargaba, zullumi, faɗuwar gaba, yawan tunani. Ga kuma kunyar cikin fari, wadda ke hana yarinya faɗin abin da ke damun ta. Idan ba a daidaita tambayoyin da wannan ba, alƙaluman za su auna kuskuren fassara ne, ba halin matan ba.

5. Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2016 da kuma 2020, ba ta ba da shawarar a raba bitamin D ga dukan masu ciki ba. Abin da ta tsayar shi ne ƙwayar ƙarfe, miligiram 30 zuwa 60, tare da folik asid kullum, da rigakafin zazzaɓi daga zango na biyu na ciki. Don haka muna ba da shawarar cewa duk binciken da za a yi a wuraren awon ciki na Tawa ya auna bitamin D a bazara, damana da hunturu, ya haɗa da awon jini da na zazzaɓi, ya rubuta ko mijin na gida, kuma masana harshe da ungozomomi su tsara tambayoyin tare.