Ranar da layuka suka ɓace daga takardar adashinmu

A ƙarshen watan Sha'aban na bara, ƙungiyarmu ta adashin gata ta yi zaman rabon kuɗi kamar yadda ta saba, domin kowa ya samu na sayen hatsi da sukari kafin azumi. Mu 46 ne, ni ne sakatare, kuma ni na matsa har muka ajiye babban littafin nan mai jan bango muka koma rubuta zubin kowa a Excel. Saboda haka duk abin da ya faru a ranar a wuyana yake.

Na zo da takarda shafi biyu da na buga a wani shagon kwamfuta: sunaye a hagu, zubin wata 12 a tsakiya, jimla can ƙarshen dama. Babu layi ko ɗaya a jikinta, lambobi ne kawai zube kamar an baza tsaba. Ma'ajinmu, dattijon da ya yi ritaya daga aikin akawu, yana ɗora yatsa a kan suna, ya ja shi zuwa dama, ya karanta. Da ya zo kan wata baiwar Allah mai sana'ar ƙuli-ƙuli, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, sai yatsan ya zame zuwa jerin ƙasa bai ankara ba. Ya karanta mata jimlar wani da ya yi fashin wata uku. Nan take Naira 15,000 ta fita daga haƙƙinta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ciro ɗan littafin da nake sa mata hannu duk wata, ta miƙa da hannu biyu, ta ce, "Baba, a sake duba mini, ni dai ban taɓa fashi ba." Kafin a gano bakin zaren, wani daga baya ya ce dama sun faɗa, wata rana sai kwamfutar nan ta ci kuɗin mutane. Cikin minti biyar aka warware, amma duk wanda ya taɓa riƙe amanar kuɗin jama'a ya san tsawon irin wannan minti biyar, musamman idan idanu suna kansa.

Kwamfutar ba ta ci ko kwabo ba. Jahilcina ne ya jawo, kuma na lura ba ni kaɗai ke da shi ba.

Lokacin da Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979, manhajar da ta buɗe wa irin su Lotus 1-2-3 da Excel hanya, fasalin takardar akawu mai gidaje suka kwaikwaya. Sai dai akwai bambancin da ba kasafai ake koya mana ba. Layukan littafinmu mai jan bango tawada ce, suna jikin takardar. Siraran layukan nan masu ruwan toka da muke gani a Excel kuwa kamar igiyar da magini ke ja ne don ya daidaita bulo: tana taimakon ido lokacin aiki, amma ba ta cikin ginin. Shi ya sa Excel ba ya buga su a takarda sai an umarce shi. Umarnin yana sashen da aka rubuta "Page Layout", ƙarƙashin kalmar "Gridlines", inda akwai ƙananan akwatuna biyu, ɗaya na gani, ɗaya na bugawa mai suna "Print". Na biyun nan ne ban taɓa sa wa maki ba. Idan an sa makin kuma layukan suka ƙi fitowa, a leƙa "Page Setup" a cire makin da ke kan "Draft quality", domin shi ma yana hana su. Da na danna Ctrl da P na kalli samfurin kafin in biya mai shago, da na ga komai tun a can.

Da na koma gida a daren na buɗe fayil ɗin, sai na tarar da wani abin kuma: a fuskar kwamfutar ma babu layuka a wurin da sunaye da kuɗaɗe suke, amma daga gefe suna nan daram. Gabana ya faɗi, na zaci fayil ya lalace. Ashe ɗan yayata ne, wanda na sa ya taya ni shigar da zubin watannin ƙarshe, ya ga ya kamata ya "tsabtace" shafin, sai ya shafe gidajen da farin launi. Duk gidan da aka zuba wa launi, ko da fari ne, layukansa buya suke yi. Ke nan ko da na sa makin bugawa, da ba su fito a wurin ba.

Daga nan na koyi tambayar da ta kamata a fara yi: ko'ina suka ɓace, ko wani yanki ne kawai? Idan yanki ne, mafi yawanci launi ne. A zaɓi wurin, a je "Home", a danna ɗan kibiyar da ke gefen hoton bokitin fenti, a zaɓi "No Fill". A nan sai an yi hattara. Mai gaggawa yakan danna Ctrl da A ya wanke shafin gaba ɗaya, ya haɗa har da launin da shi kansa ya sa da gangan. Ni haka na yi, na goge jan launin da na ware masu bashi da shi, na kwana ina sake nemo su. Wani lokaci kuma ba fenti ba ne, an zagaye gidajen da farin shinge ne, maganinsa "No Border".

Idan kuwa duk shafin ne ya koma fari fat, a duba sashen "View", ko an cire makin "Gridlines". Mai son gajeriyar hanya ya danna Alt, sannan W, sannan V, sannan G, ɗaya bayan ɗaya. Wannan umarni shafin da mutum yake kai kawai yake shafa, shi ya sa za ka ga fayil guda, shafin Janairu da layuka, na Fabrairu babu. Akwai kuma dalilai biyu da ba a cika tunawa da su ba. Ana iya mayar da launin layukan kansu fari daga "Options", a sashen "Advanced". Haka nan idan aka ƙanƙanta shafi ƙasa da kashi 40 cikin 100, Excel da kansa yake ɓoye su, da an ƙara girman sai su dawo. Masu aiki da Google Sheets su ma a "View" za su samu nasu, ƙarƙashin "Show".

Abin da ke ba ni takaici shi ne na san wata ɗaliba da ta kai kwamfutarta wurin gyara kan wannan matsala, aka ce mata cuta ce ta shiga, aka wanke na'urar baki ɗaya, ta biya kuɗi, ta kuma rasa rabin aikin bincikenta na kammala digiri. Ban ce mai gyaran macuci ba ne, wataƙila shi ma iyakar saninsa ke nan. Amma makarantun koyon kwamfuta da ke raba shaidar kammalawa bayan wata uku ya dace su tambayi kansu, me ya sa ɗalibinsu ya haddace sunan kowane maɓalli amma bai san bambancin abin da ido ke gani da abin da ke ajiye a fayil ba.

Ɓacewar layi tana da hayaniya amma ba ta taɓa lamba ko ɗaya. Ɓarnar da ta fi hatsari shiru take yi. A 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta tattara sakamakon gwaji a tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar jeri fiye da 65,536. Abin da ya haura haka ya zube ba tare da an lura ba, har mutum kusan 16,000 da suka kamu ba su shiga ƙidaya a kan lokaci ba, aka makara wajen neman waɗanda suka yi hulɗa da su.

A zaman bana ban dogara da layukan aro ba. Na zagaye kowane gida da shinge na gaske ta hanyar "All Borders", wanda ke bin takarda duk inda aka buga ta, na kuma dawo da jimla kusa da suna don kada ido ya yi doguwar tafiya. Na miƙa wa ma'aji ina jiran yabo. Ya juya ta, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ta yi kyau, ɗana." Sannan ya zaro tsohuwar rularsa ta katako daga aljihu, ya shimfiɗa ta ƙarƙashin suna na farko, ya fara karantawa. Mai ƙuli-ƙuli tana zaune a sahun gaba, ɗan littafinta buɗe a kan cinya.