Hukuncin Mai Riƙe da Makami Idan Ya Tarar Ana Zaluntar Wani

Malaman fiƙihu sun tattauna wannan mas'ala a babin "daf'us sa'il", wato tunkuɗe mai kai farmaki ga rai ko dukiya ko mutunci. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada. Bukhari kuma ya ruwaito umarnin taimakon ɗan'uwa, ko shi ne azzalumin ko shi ake zalunta, aka kuma fassara taimakon azzalumi da hana shi zaluncin. Saboda haka kai ɗauki ga wanda 'yan fashi suka tare yana da asali a shari'a. Sai dai malamai sun gindaya masa sharuɗɗa huɗu.

Na farko, farmakin ya kasance yana gudana a lokacin. Idan ɓarawo ya yar da kaya ya gudu, ko aka kama shi aka ɗaure, dalilin amfani da makami ya gushe.

Na biyu, tabbatar da wane ne azzalumi. Ihun "ɓarawo!" a kasuwa ba hujja ba ne, haka ma harshe ko kamanni. Manzon Allah (SAW) ya tsananta wa Usamatu ɗan Zaidu da ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada bisa zaton tsoron makami ne ya sa ya furta ta. Idan zato bai halatta jini a fagen yaƙi ba, ina ga cikin unguwa?

Na uku, bin matakai daga mafi sauƙi. Shaihu Halilu ya nuna a Mukhtasar cewa ana fara gargaɗin mai farmaki idan mai fahimta ne, ba a nufin kashe shi sai an san ba zai tunkuɗu ba sai da hakan. Wanda tsawa ko kiran jama'a za su kora, bai halatta a harbe shi ba.

Na huɗu, kada gyaran ya haifar da ɓarnar da ta fi ta farko. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751H) ya bayyana a I'ilamul Muwaƙƙi'in cewa hana munkarin da zai jawo wanda ya fi shi muni haramun ne. Harbi cikin cunkoso, ko a inda maharbi ba ya iya bambance ɗan fashi da wanda aka yi garkuwa da shi, yana shiga nan.

Jigon mas'alar shi ne bambance tunkuɗe cuta da zartar da hukunci. Na farko izini ne ga kowane mutum a lokacin larura. Na biyu haƙƙin hukuma ne bayan shaidu da shari'a. Imam Gazzali (ya rasu 505H) ya sanya zare makami da tara mataimaka a matakin ƙarshe na hisba a Ihya'u, ya kuma ambaci saɓanin malamai kan ko yana buƙatar izinin shugaba, saboda tsoron fitina.

Wannan ne ma'aunin da ya kamata a auna aikin 'yan sa-kai da 'yan banga a Zamfara da Katsina da makwabtansu. Tare maharan da suka shigo gari kariya ce halattacciya. Bin mutum ruga ko kasuwa a kashe shi kan zargi kuwa zubar da jini ne da za a tambayi mai yin sa ranar ƙiyama. Allah ne Mafi sani.