Abin da ya sa amfilifayar mota ke ƙanƙancewa amma ƙarfinta bai ragu ba

A shekarun 1980 da na 1990, duk mai son sauti mai ƙarfi a motarsa sai ya sadaukar da wani sashe na but domin ajiye amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa ga lasifika.

A yau kuwa akwai amfilifayar da ke ba da kwatankwacin wancan ƙarfi, alhali girmanta bai wuce na ƙaramin littafi ba, har ana iya ɓoye ta a ƙarƙashin kujera.

Dalilin wannan sauyi shi ne injiniyoyi sun gano hanyar rage wutar lantarkin da na'urar ke ɓarnatarwa.

Ina wutar ke tafiya?

Tsohuwar fasahar da aka fi amfani da ita, wadda ake kira rukunin AB, tana aiki ne kamar famfon da aka buɗe rabi da rabi. Ƙananan na'urorin da ke cikinta, waɗanda ake kira taransisto, suna sakin wani kaso na wutar zuwa lasifika, su kuma tare saura. Abin da suka tare ɗin zafi yake komawa.

Ko a lissafin takarda, irin wannan amfilifaya ba ta iya mayar da fiye da kimanin kashi 78 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa sauti. A aikace kuwa sau da yawa kusan rabi ne kawai ke isa ga lasifika.

Shi ya sa ake lulluɓe ta da ƙaton gangar jiki na alminiyom mai haƙora-haƙora domin fitar da zafin, kuma wannan ƙarfe shi ne ke da kaso mai yawa na girma da nauyinta.

Fasahar da ta maye gurbinta, wato rukunin D, ta ɗauki wani salo na dabam. Taransistocinta suna aiki ne kamar makunnin fitila: ko dai a kunne gaba ɗaya, ko a kashe gaba ɗaya, kuma suna yin hakan sau dubban ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda.

Tsawon lokacin da suke ɗauka a kunne a kowane zagaye yana bin hawa da saukar sautin ne. Daga nan sai wata ƙaramar matata ta naɗaɗɗiyar waya ta tace wannan kunnawa da kashewa, ta bar sautin da kunne ke iya ji.

Da yake makunnin da ke a kashe ko a kunne sosai ba ya ɓata wuta da yawa, amfilifayar rukunin D na iya isar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar ga lasifika.

Alal misali, domin ba da wat 500, na'urar da ke ɓarnatar da rabi sai ta ja wat 1,000 daga mota, ta kuma fitar da wat 500 na zafi. Mai isar da kashi 90 kuwa za ta ja kimanin wat 555 ne, zafin da za ta fitar kuma bai wuce wat 55 ba. Wannan sauƙi ne babba ga batir da altaneta.

Tsohuwar dabara

Fasahar dai ba sabuwa ba ce. Wani masanin kimiyya ɗan Birtaniya, Alec Reeves, shi ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1950, kuma kamfanin Sinclair Radionics ya fitar da ita kasuwa a 1964.

Sai dai taransistocin wancan zamani ba su da saurin da ake buƙata, don haka sautin kan fito a gurɓace. Ko bayan da ta shiga motoci, an daɗe ana taƙaita ta ga lasifikokin da ke ba da sauti mai kauri kawai.

Wata matsalar ita ce kunnawa da kashewar na haifar da igiyoyin da ke yi wa rediyon motar kutse, musamman tashoshin matsakaicin zango.

Samuwar taransistoci masu sauri ta rage matsalolin biyu. A 2017 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar da amfilifayar mota da ke kunnawa da kashewa sau miliyan 2.1 a daƙiƙa, wato sama da zangon da waɗannan tashoshi ke watsa shirye-shiryensu. Ƙarin saurin ya kuma ba da damar ƙanƙanta matatar sautin.

Masu ƙera motoci masu aiki da lantarki na da nasu dalilin na rungumar fasahar, domin duk wutar da aka ɓata da duk nauyin da aka ƙara suna rage tazarar da mota za ta yi kafin a sake yi mata caji.

Abin lura ga mai saye

A birane irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafi kan haura digiri 40 a lokacin bazara, amfilifayar da ke yawan ɗaukar zafi kan kashe kanta ko ta ƙone. Wannan ya shafi har motocin wa'azi da na talla da na yaƙin neman zaɓe, waɗanda ke shafe sa'o'i a rana da lasifika a kunne.

Saboda haka girma ko nauyin amfilifaya ya daina zama ma'aunin ƙarfinta. Haka kuma manyan alƙaluman da ake rubutawa a jikin kwali sau da yawa suna nuna ƙarfin da na'urar ke kaiwa na ƙiftawar ido ne kawai. Adadin da ke ɗauke da haruffan RMS shi ne ke nuna ƙarfin da za ta iya ci gaba da bayarwa.

Ko da yake ƙaramar amfilifaya ba ta cika zafi ba, tana buƙatar wurin da iska ke shiga, da waya mai kaurin da ya dace, da kuma fiyus a kusa da batir domin kauce wa gobara.