Jibgegiyar A-kori-kura da Tirela: Ina Man Yake Tafiya?

A Amurka da Kanada akwai wani jinsin a-kori-kura da ya fi Hilux ɗin da muka sani girma nesa ba kusa ba. Kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwarsa: Ford da motocinsa F-250 zuwa F-450, Ram da 2500 da 3500, sai General Motors mai Chevrolet Silverado da GMC Sierra. Kowanne da injinsa na dizal da yake taƙama da shi. Na Ford sunansa Power Stroke, na Ram kamfanin Cummins ke ƙera shi, dukansu masu lita 6.7, na General Motors kuma Duramax mai lita 6.6. Makiyaya na jan tirelar shanu da dawakai da su, 'yan kwangila na jan tarakta da injin haƙa, tsofaffin da suka yi ritaya kuma na jan ɗakin kwanansu mai taya suna zaga ƙasa. A 2023 Ford ya ce F-450 na iya jan fam 40,000, kimanin tan 18. Hilux kuwa iyakarta tan uku da rabi.

To, man nawa suke sha idan an rataya musu kaya? Ba za ka ga amsar a jikin motar ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, tana tilasta wa masu sayar da ƙananan motoci su manna takarda a gilashi mai nuna mil nawa galan ɗaya ke kaiwa, amma a-kori-kurar da nauyin da aka ƙayyade mata, ita da lodinta, ya haura fam 8,500, wato wajen kilo 3,850, ba ta cikin wannan doka. Akwai dai wani gwaji na ƙungiyar injiniyoyin mota, mai lamba J2807, inda ake sa mota ta ja tirela ta hau doguwar hawa kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, cikin tsananin zafi, na'urar sanyaya ciki a kunne. Sai dai ƙarfi da juriya yake aunawa, babu ruwansa da mai. Kamfani zai cika maka kunne da yawan tan ɗin da motarsa ke ja, amma da an zo kan abin da za ta ci maka a gidan mai sai ya yi gum.

Saboda haka abin da ake da shi shi ne lissafin masu motocin da na 'yan jaridar da ke gwada su. Abin da aka saba ji daga gare su: mota ba kaya, a kan babban titi, takan yi mil 16 zuwa 20 da galan ɗaya, wato kilomita 7 zuwa 8 da ɗoriya a kowace lita. Da zarar an ɗaura mata babban ɗakin kwana sai ta faɗo mil 9 zuwa 12, kilomita 4 zuwa 5 ke nan a lita. Tafiyar kilomita 500 da za ta ci lita sittin da 'yan kai sai ta lashe sama da ɗari.

Mutane da yawa nauyi suke ɗora wa laifi, kuma nan ne ake kuskure. Dubi babbar tirelar dakon kaya ta Amurka, wadda doka ta yarda ta kai fam 80,000, wajen tan 36. Takan yi mil 6 zuwa 7 a galan. A-kori-kura da ɗakin kwananta, in aka haɗa su, da wuya su wuce sulusin wannan nauyi, amma abin da suke yi bai ko ninka na babbar ba. Da nauyi ne ke yanke hukunci, da lissafin bai fito haka ba. Abin da ya haɗa su shi ne faɗin gaba: ɗakin kwanan kan kai kusan mita huɗu a tsaye da mita biyu da rabi a faɗi, kusan daidai da akwatin babbar tirela, kuma duk wannan bango iska yake turawa. Duk wanda ya taɓa ɗauko buhun siminti a babur, wata rana kuma ya ɗauko katifa, ya san wanne ya fi wahalar da injin a buɗaɗɗen titi. Shi ya sa tirela mai shimfiɗe, ɗauke da ƙarafa ko bulo, kan fi ɗakin kwanan da bai kai ta nauyi ba sauƙin mai.

Gudu kuma shi ke ƙara wa iska ƙarfi, ba kuma daidai wa daida ba. In ka ninka gudu, turjiyar iska sau huɗu take ninkuwa. Daga kilomita 90 a awa zuwa 110, ƙarin da direba ke gani ba wani abu ba ne, amma turjiyar kan ƙaru da kusan rabi. Ribar da ya samu a tafiyar kilomita 500 awa ɗaya ce tak. Haka nan in kana gudun 100 iska na busowa ta gabanka da ƙarfin 20, gaban tirelar ji yake kamar 120 kake yi, turjiya ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari alhali allurar gudu ba ta motsa ba. A filayen Teksas da Wayomin, inda babu abin da ke tare iska, mutum kan je da tanki ɗaya ya kasa dawowa da irinsa.

Nauyi na da nasa wurin. Yana cin mai a hawa, da cikin gari inda ake tsayawa ana tashi, da kuma a taya, musamman in iskarta ta yi ƙasa. Motoci masu tayoyi huɗu a baya sun fi ɗaukar lodi, sun kuma fi sha. Masu hawa duwatsun Kolorado zuwa ramin Eisenhower da titi ya ratsa ta cikin dutse, wanda ke sama da mita 3,300 daga teku, su ne suka fi sanin wannan.

Akwai kuma kashe kuɗin da allon mota ba ya nunawa. Tun daga 2007 dokokin hayaƙi suka sa aka saka wa waɗannan injina matata a salansa mai tare baƙin hayaƙi, kuma lokaci-lokaci injin kan ƙona ƙarin mai don ya tsabtace ta. Daga baya aka ƙaro wani ruwa da ake kira DEF, haɗin sinadarin yuriya kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa, mai tankinsa daban. Jan kaya na ƙara saurin ƙarewarsa, in ya ƙare kuwa kwamfutar motar takan rage mata gudu. An kuma ƙera su ne don man da sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, wanda Amurka ta fara sayarwa a 2006. Mai sha'awar shigo da irinsu ƙasashenmu ya fara tambayar irin man da zai riƙa zubawa da bakaniken da zai duba masa matatar, kafin ya tambayi kuɗin kwastan.

Duk da haka, a wajen jan kaya dizal ya fi fetur. Litarsa ta fi ta fetur kuzari da sama da kashi goma cikin ɗari, injinsa kuma yana ba da ƙarfi tun yana juyawa a hankali, ba sai an taka totur ya yi ta ihu ba. Amma zaɓen injin dizal kan ƙara wa farashin motar wajen dala dubu goma. Wanda ke jan kaya kullum zai mai da kuɗinsa. Wanda sai sau biyu ko uku a shekara yake rataya tirela, ƙawa kawai ya saya.

Mai karatu, ko Hilux kake ja da ita ko Canter, kada ka dogara da lambar da allon mota ke nuna maka, don sau da yawa takan yi wa motar kara. Cika tanki taf, ka rubuta lambar kilomita, ka yi tafiyarka, ka sake cikawa, sannan ka raba kilomitar da litar da ka zuba. Yi haka sau ɗaya a gudun 90, sau ɗaya a 110, da kaya iri ɗaya a hanya ɗaya, ka kwatanta rasit biyun.