Bindiga Mai Sakata: Tarihinta da Aikinta

Jama'a, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ɗan yi muku bayani a kan wata bindiga da ta taɓa tarihin ƙasarmu ƙwarai, wato bindiga mai sakata. An kira ta haka ne domin tana da wani ƙarfe mai mariƙi a bayan bututunta, wanda ake ja a tura kamar sakatar ƙofa.

Da farko dai, bari mu tuna da bindigar toka wadda maharbanmu na Aliero da Jega da Maiyama suka saba da ita. Ita ta baki ake ɗura ta. Sai an zuba albarushi, a cusa tsumma, a sa dalma, a danna da sandar ƙarfe, sannan a harba. Kome gwanintar mutum, da wuya ya yi harbi uku cikin minti guda. In kuwa ruwan sama ya jiƙa albarushin, to ta zama sanda. Shi ya sa ake yi mata kirari da harba-ka-ruga.

Ita kuwa mai sakata ta baya ake sa mata harsashi, kuma albarushi da dalma duk suna cikin kwanso ɗaya. Soja zai ɗaga mariƙin sakata ya ja baya, sai kwanson da aka harba ya yi tsalle ya faɗi. Ya tura gaba, sakatar ta kwaso sabon harsashi daga gidansa ta kai shi cikin bututu. Ya murɗa mariƙin ƙasa, ta kulle. Da ya taɓa kunama, sai wata allura ta soki gindin harsashi, wuta ta tashi. Yana iya yin duk wannan a kwance, ba sai ya miƙe abokan gaba sun gan shi ba.

Wani Bajamushe mai suna Dreyse ne ya ƙera ta farko da soja suka karɓa, a ƙasar Farusha cikin 1841. Daga nan Turawa suka shiga tsere. Faransa ta fito da Lebel a 1886, mai albarushin da ba ya hayaƙi. Rasha ta yi Mosin a 1891, Jamus ta yi shahararriyar Mauser ɗinta a 1898. Amma wadda ta fi shafarmu ita ce ta Ingila, Lee-Enfield, wadda ta fito a 1895. Lee sunan wanda ya tsara sakatarta ne, Enfield kuwa garin da ake ƙera ta a wancan lokaci. Tana cin harsashi 10 mai lamba .303, kuma a da ana koya wa sojan Ingila harbi 15 cikin minti guda. An ƙera fiye da miliyan 16.

To, a daidai wannan zamani ne Lugga ya kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin Yuli na shekarar. A ganina kakanninmu ba jaruntaka suka rasa ba. Mahayin doki da mashi da takobi sai ya isa kusa kafin ya yi sara, su kuwa sojan Turawa bindigoginsu ta baya ake ɗura su, ga kuma mai ruwa da ake kira Maxim. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji Hausawa, amma a ranar nan saurin ɗuri ya fi su duka biyun.

Bayan haka sai bindigar ta koma kafaɗar 'ya'yan ƙasar nan. Da ita suka yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916. A yaƙin Hitila kuma runduna ta 81 da ta 82 suka ɗauke ta har Bama, suka gwabza da Japanawa cikin kurmi. Samfurin da aka fara ƙerawa da yawa a 1941, mai lamba 4, shi ne sojoji da 'yan sandanmu suka fi sani da Mak Fo. Har a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ta yi aiki, kafin bindigogi masu sarrafa kansu su ture ta.

Yanzu fa ta tsufa, kuma abokan gabanta biyu ne, tsatsa da gara. Masu gyaran kayan tarihi sukan goge ƙarfen a hankali, su shafa wa ƙotar mai, su nemi ɓangaren da ya ɓace daga wata tsohuwa irinta. Aikin ba na gaggawa ba ne. Kowace sakata an buga mata lamba daidai da ta jikin bindigarta, kan sakatar Mak Fo ma girma huɗu ne, daga 0 zuwa 3. In aka sa wanda bai dace ba, kwanso na iya fashewa a fuskar mai harbi.

Saboda haka nake roƙon iyayenmu, duk wanda ya gaji irin wannan a gida, kada ya kai wa maƙeri ya tada ta. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai lamba .303 cikin jerin waɗanda aka haramta riƙewa, ga kuma halin rashin tsaro da Arewa maso Yamma take ciki. A miƙa ta ga hukuma. Inda ya dace da ita shi ne wuri irin Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, kusa da masu da takubban da ta taɓa rinjaya, yara su gani su san ilmi ne ya ƙera ta.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa alƙalami ya zama makaminmu, amin.